Guga, igiya ko rijiya? Binciken abin da ke yanke intanet a ofisoshin Yauri

Yauri gari ne na manoma a jihar Damagaram, kuma mazaunin ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi tara na gundumar Kance, wadda babban garinta shi ne Matamai. A shekarun baya, in ma'aikacin hukuma yana da rahoton da zai aika wa magabatansa, da hannu yake rubuta shi, ya rufe cikin ambulan, ya danƙa wa direban motar kasuwa ko mai babur. Yau yawancin wannan aiki ya koma kan kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda jama'a suka fi sani da ordinatar. Da ita sakataren ƙaramar hukuma yake aika takardu, da ita darektan lakkwal yake aika lissafin ƴan makaranta, kuma tun 2017 lissafin asibitocin ƙasa yana bi ta wani tsari mai suna DHIS2, wanda sai da intanet saƙonsa ke isa.

Saboda haka yankewar intanet ba ƙaramin al'amari ba ne ga waɗannan ma'aikata. A ɗauki misalin malamin asibiti a ƙarshen wata, cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Ya cika rahotonsa, ya danna aikawa, sai hanya ta yanke. Ya jira ta dawo, ya sake dannawa, ta sake yankewa. Rahoton da ya makara yana iya jawo jinkiri ga lissafin maganin da za a aiko, kuma marar lafiya ne zai ji a jikinsa.

In haka ta faru, abu biyu aka saba yi. Waɗansu sai su ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa, su naɗe hannu suna jira. Waɗansu kuma sai su ce kwamfuta ce ta lalace, su ɗauke ta zuwa Matamai, ko ma Damagaram mai nisan wajen kilomita 90 daga can, a biya kuɗin mota, a biya mai gyara, wani lokaci a share duk abin da ke cikinta, sa'an nan a dawo gida a tarar ciwon yana nan inda aka bar shi. Alhali da an yi ɗan bincike na rabin awa a cikin ofis, da an san inda laifin yake.

Abu uku ne, ba ɗaya ba

Mai jan ruwa in ya jefa guga ya jawo bai samu kome ba, ba ya cewa nan take rijiya ta ƙafe. Yakan duba ko gugan ne ya huje, ko igiya ce ba ta kai ba, sa'an nan ya leƙa rijiyar. Haka sha'anin intanet yake. Kwamfuta ita ce guga, Wi-Fi shi ne igiya, rezon kamfanin sadarwa kuwa shi ne rijiya.

Wi-Fi hanya ce ta rediyo mai gajeren zango. An tsara ƙa'idarsa ta farko a 1997, aka raɗa masa wannan suna a 1999. Iyakar aikinsa shi ne ya haɗa kwamfuta da wani abu da ke kusa da ita, ko ɗan akwatin nan da ake sa wa katin SIM, ko salular da aka buɗe wa rabon intanet, abin da ake rubutawa «Partage de connexion» da Faransanci. Daga akwati ko salula, saƙo yana hawa rezo zuwa dogon ƙarfen kamfani, watau antan. Sunayen da jama'a suka sani a wannan fage su ne Airtel, da Moov Africa, da Zamani wanda ya gaji Orange bayan cinikin 2019, da Niger Telecom da gwamnati ta kafa a 2016 sa'ad da ta haɗe Sonitel da SahelCom. Mutum yana iya samun Wi-Fi mai ƙarfi ƙwarai amma babu intanet, kamar yadda igiya sabuwa ba ta kawo ruwa daga busasshiyar rijiya.

Gwaji uku kafin a taɓa kome

Gwaji na farko da ido ake yin sa. A ƙasan allon kwamfuta, hannun dama, akwai ƴar alama mai kama da mafici. A lokacin da hanya ta yanke, sai a dube ta. In alamar ta ɓace, ko kwamfuta ta rabu da sunan akwatin, to laifin yana tsakanin guga da igiya. In kuwa kwamfuta tana nan haɗe da akwatin amma ta rubuta cewa babu intanet, sai a fi zargin abin da ke bayan akwatin.

Gwaji na biyu yana bukatar salular wani abokin aiki. A haɗa ta da Wi-Fi ɗin da kwamfuta take kai, a ajiye su gefe da gefe. In duka biyu suna yankewa lokaci guda, kwamfuta ba ta da laifi. In salula tana aiki lafiya ƙalau, kwamfuta kaɗai ke faɗuwa, to an kama mai laifi. Don a tabbata, sai a juya gwajin, a haɗa kwamfutar da rabon intanet na wata salula mai katin wani kamfani dabam, a ga ko halinta zai sake.

Gwaji na uku da alƙalami ake yin sa. A ware shafi guda cikin littafi, duk lokacin da hanya ta yanke a rubuta ƙarfe nawa ne, ko kwamfuta tana kan caji ko kan batir, ko akwai wuta a gari, ko akwai hadari, da yawan mutanen da ke kan akwatin. Bayan kwana uku shafin zai yi magana da kansa. Yankewar da ke zuwa duk lokacin da aka cire caji dabam take da wadda ke zuwa da tsakar rana, kuma dabam take da ta bayan magariba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Ma'aikacin da hannunsa ya faɗa da kwamfuta yana da wata dabara kuma. Ya buɗe «Invite de commandes», ya rubuta ipconfig, ya nemi lambar da ke gaban «Passerelle par défaut». Wannan ita ce adireshin akwatin, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Sai ya rubuta ping, da wannan lamba, da -t. A wata taga ta biyu ya rubuta ping 8.8.8.8 -t, wadda adireshi ce ta wata na'urar kamfanin Google. In amsar taga ta farko ce ke tsayawa, ciwon yana cikin ɗaki. In ta farko tana amsawa, ta biyu ce kaɗai ke tsayawa, ciwon yana waje.

In laifin guga ne

Abin da ya kamata a fara zargi a kwamfuta shi ne tsimin batir. A cikinta akwai ɗan kati mai kama Wi-Fi, kuma tsarin Windows yana da izinin rage masa wuta ko kashe shi don batir ya daɗe. A wurin da ake yini ana aiki kan batir, wannan tsimi yakan zama sanadin yankewa. Maganinsa ba ya cin ko dala. A shiga «Gestionnaire de périphériques», a buɗe «Cartes réseau», a zaɓi katin Wi-Fi, a je shafin «Gestion de l'alimentation», a cire alamar da ke gaban layin da ya ba kwamfuta izinin kashe katin don tsimin wuta. A waɗansu sababbin kwamfutoci wannan shafi ba ya fitowa, sai a kashe tsarin tsimin batir gaba ɗaya a lokacin aika rahoto.

Na biyu, kwamfuta tana riƙe sunan kowane Wi-Fi da ta taɓa hawa. In salular wani da ta sani ta shigo ofis da rabon intanet a buɗe, kwamfutar da ta ɗan rabu da akwatin tana iya komawa kanta, mai salula ya fita, hanya ta yanke. Sai a shiga jerin sunayen da ta riƙe, a danna «Oublier» a kan duk wanda ba a bukata. Shi ma na ofis ɗin, in yana gardama, a mantar da ita shi, a sake haɗawa da lambar sirri.

Na uku, kowane kati yana da ɗan tsarin da ke sarrafa shi, wanda ake kira pilot. In ya tsufa, ko in mai gyara ya sa wanda ba nasa ba, katin yakan riƙa tuntuɓe. Ana ɗauko sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, bisa lambar samfurinta da ke rubuce a ƙarƙashinta. Ya kamata masu tsofaffin kwamfutoci su san cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, kuma ya rufe kulawar yau da kullum ta Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Akwai kuma wani ɓarawon da ba a gani: Windows yakan ɗauko sababbin gyare-gyarensa a ɓoye, ya cinye mega, ya cushe hanya. In aka sa alamar «Connexion limitée» a kan Wi-Fi ɗin ofis, sai ya rage wannan hali.

Na huɗu shi ne raunin jiki. Kwamfutoci da yawa na hannu ne, sun sha aiki kafin su iso. Eriyar Wi-Fi tana cikin murfi, a gefen allo, kuma siraran wayoyi ne ke tasowa daga kati su bi ta maganaɗin murfin su kai gare ta. Buɗewa da rufewa na shekaru yakan sassauta su ko ya tsinke su. Alamar wannan ciwo ita ce hanya ta yanke in an motsa murfi, ko kwamfuta ta ƙi kama Wi-Fi sai an kai ta dab da akwati. Ƙurar hunturu ita ma takan toshe kafofin shan iska, kwamfuta ta yi zafi, aikinta ya rikice. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, a sa ta kan tebur, a riƙa kakkaɓe kafofinta. In katin ya mutu ɗungum, ba lalle ne a sayi sabuwar kwamfuta ba. Akwai ɗan makullin Wi-Fi da ake soka wa a kafar USB, bai kai girman babban yatsa ba, yana maye gurbin katin, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwamfuta ba.

In laifin igiya ne

Saƙon Wi-Fi yana raunana da nisa, kuma kowane bango yana cin rabonsa. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye shi, bangon siminti mai rodi haka nan, ƙofar ƙarfe da rufin kwano kuwa suna mayar da shi baya. Ruwa ma yana shanye shi, don haka bayan randa ba wurin ajiye akwati ba ne. Wanda ya kulle akwatin cikin kabad na ƙarfe don tsoron ɓarayi ya tsare dukiya, amma ya kashe aiki. Wurin da ya dace shi ne sama, kusa da taga mai duban wajen antan, cikin inuwa, kuma a ɗaki guda da kwamfuta in da hali.

Yawancin akwatuna na yanzu suna watsa saƙo a kan zango biyu, 2,4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi sauri amma bango yana saurin kashe shi. Na 2,4 ya fi nisa da ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, domin a kansa Bluetooth yake aiki. Wanda ke ɗaki guda da akwati ya zaɓi 5, wanda ke ɗakin gaba ya zaɓi 2,4. In ana amfani da 2,4, a kashe Bluetooth na kwamfuta a gani.

Sa'an nan akwai maganar yawan hannu. Lambar sirrin ofis in ta fita, ba ta dawowa. Aboki ya ba aboki, kafin wata ya ƙare samari sun cika gindin katanga da yamma suna kallon bidiyo, rahoton hukuma yana jiran layi. Ƙaramin akwati yana da iyakar na'urorin da yake ɗauka. A riƙa sake lambar sirri lokaci lokaci, kuma a san wanda ke riƙe da ita.

Masu amfani da rabon intanet na salula suna da nasu matsaloli. Salula da yawa suna kashe rabon da kansu in sun ga an ɗan jima ba a yi amfani da shi ba, ko in batir ya yi ƙasa, kuma ana iya hana su wannan a cikin saitinsu. In kira ya shigo, sau da yawa salula takan sauka daga 4G zuwa ƙaramin rezo, intanet ya tsaya har a gama magana. Zafi kuwa shi ne babban abokin gaba. Manyan masu ƙera salula sun ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da ya dace ta yi aiki, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan wuce 40. Salular da ke caji, tana rabon intanet, tana kan taga cikin rana, za ta rage aikinta don ta ceci kanta. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa salula da kwamfuta ta kebul na USB, a buɗe rabon intanet ta kebul ɗin. Da haka an fitar da Wi-Fi daga lissafi baki ɗaya, ga kuma caji yana shiga.

In laifin rijiya ne

Inda rezo ke da rauni, salula ko akwati yakan riƙa tsalle tsakanin 4G da 3G, kuma kowane tsalle yana iya katse aikawa. A irin wannan wuri gara a tsayar da shi kan wanda ya fi zama daram, ko da ya fi jinkiri. Sannu ba ta hana zuwa. Ma'aikacin da aiki ke kai shi ƙauyukan da ke dab da iyaka, kamar wajen Ɗan Barto, ya lura kuma da sunan kamfanin da ke saman allon salularsa, domin takan kama rezon Nijeriya ba da saninsa ba. Maganin wannan shi ne ya zaɓi kamfaninsa da hannu a cikin saiti. Kafin duk wannan, a duba ko mega sun ƙare, ko wa'adinsu ya cika, gama wannan kaɗai ya sha sa mutane zargin na'ura.

Antan ma da wuta yake aiki, ko ta NIGELEC, ko ta inji, ko ta hasken rana da batura. In wutarsa ta yi rauni, rezon gari duka yakan faɗi tare. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana samun wuta daga Nijeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma jama'a ba su manta da yankewar da ta fara a watan Agusta na 2023 ba, wadda sai a watan Maris na 2024 aka ɗage ta. Haka kuma antan guda yana raba ƙarfinsa ne tsakanin duk masu amfani da shi, shi ya sa hanya takan yi nauyi ranar kasuwa da bayan magariba, ta yi sauƙi da sassafe. Ruwan sama mai ƙarfi yana iya raunana saƙon da ke tafiya daga antan zuwa antan.

Wani lokaci kuwa abin ya fi ƙarfin gunduma, ya fi ƙarfin ƙasa ma. Nijar ba ta da bakin teku, don haka intanet ɗinta yana ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku. Ran 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, har da Nijar. A irin wannan rana babu mai gyara a Matamai ko Damagaram da zai iya kome. Domin ƙara yawan hanyoyi ne aka tsara aikin shimfiɗa wayar gilashi mai ratsa Sahara, da tallafin Bankin Raya Afirka, wanda ɗaya daga cikin rassansa ya tashi daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya. Tun 2025 kuma Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a ƙasar da izinin hukuma. Amma ko wace hanya ce ta kawo intanet ƙofar ofis, a ƙarshe akwatin Wi-Fi ne zai miƙa shi ga kwamfuta, saboda haka binciken guga da igiya yana nan bai sake ba.

In bincike ya nuna laifin rezo ne, kuma ya daɗe, sai a kai kuka ga kamfanin, tare da shafin nan da aka rubuta ranaku da lokuta. Kukan da ke da kwanan wata ya fi na fatar baki nauyi. In ba a samu biyan bukata ba, akwai ARCEP, hukumar da aka kafa a 2018 don sa ido kan harkokin sadarwa da gidan waya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ofishin da ke son rahotonsa ya isa kan lokaci yana iya ɗaukar waɗansu halaye masu sauƙi. A shirya aiki a cikin kwamfuta tukuna, a adana shi, sa'an nan a buɗe intanet don aikawa kawai. A aika da sassafe, kafin rana ta yi zafi, kafin jama'a su cika rezo, kuma kada a jira ranar ƙarshe. A tanadi katin SIM na kamfani na biyu da kebul na USB a cikin aljihun tebur. In hanya ta yanke, a fara da kashe akwati da kwamfuta, a jira minti guda, a sake kunnawa, sa'an nan a bi gwaje-gwajen nan uku bi da bi, ana sake abu ɗaya kawai a kowane karo, don a san wanda ya yi magani.

In duk an yi wannan, aka tabbata ciwon yana jikin kwamfuta, to tafiya wurin mai gyara ta zama dole. Kafin a tashi, a kwafe takardun ofis a cikin makullin ajiya, a bar shi a gida. A tafi da littafin bincike, a gaya wa mai gyara abin da aka gani da abin da aka gwada, a ce masa ya duba katin Wi-Fi da wayoyin eriya, kuma kada ya share kome sai da izinin mai ita.